Ƙishirwar Fararen Ɓeraye

Shekara bakwai na yi ina karatun da aka ce na shekara biyu ne. Digiri na biyu ne a ilimin halittu, a wata jami'a a Kano, ni kuwa ina koyarwa a sakandaren 'yan mata a Dutse tun lokacin da garin ya zama babban birnin jiha. Na fara karatun ina da miji, kafin in kai ko'ina Allah ya karɓi abinsa, na tattara 'ya'yana biyu na koma gidan mahaifina a Limawa. Takaba ta ci nata rabon, yajin aiki ya ci nasa, malamin da ya fara duba aikina ya samu wurin da ya fi, ya yi gaba da takarduna a jakarsa. Duk mako sai na bi hanyar Kano na dawo, har direbobin tasha suka daina tambayata inda zan sauka.

A shekara ta bakwai aka miƙo mini takarda. In ban kawo kundin bincikena kafin zangon karatun ya ƙare ba, za a soke sunana, kuma babu sauran ƙarin wa'adi. Na karanta ta a tsaye a bakin ofis, ban ji tsoro ba, gajiya kawai na ji. A lokacin yaran da na koya wa zana furen kuɓewa har sun fara zama shugabannina a wurin aiki. Amma ba wannan ne ya fi cina ba. So nake a ce ga abu ɗaya da na ɗauka na kai shi ƙarshe, don duk abin da na taɓa a rayuwata a rabi yake tsayawa.

Sabon malamin da aka haɗa ni da shi, Dakta muke ce masa, bai daɗe da dawowa daga Turai ba, saboda haka bai riga ya gaji ba. Ya zaunar da ni ya sa faifai a kwamfuta. Sai ga ɓera an ɗaure shi a kan wata ƙwallo yana ta gudu, ƙwallon tana juyawa a ƙarƙashinsa, shi kuwa yana nan inda yake. A gabansa akwai allo mai nuna hoton wani dogon lungu. In ya yi gudu sai bangon lungun ya yi ta wucewa, in ya tsaya hoton ya tsaya. Dakta ya ce a cikin ƙwaƙwalwar ɓera, da tamu ma, akwai ƙwayoyin da kowace take da wurin da ta sani, ba ta motsawa sai an iso wurin nata, da haka dabba take gane inda take da hanyar da za ta bi. To ana so a san da me ƙwayoyin suke gane wuri: da ido ne, ko da hanci, ko da tafin ƙafa? Shi ya sa ake yi wa ɓeran lungun ƙarya, wanda ba shi da wari, ba shi da bangon da gashin baki zai taɓa, sai hoto zalla.

"Mu ba mu da kayan sauraren ƙwaƙwalwa," in ji shi. "Amma in kika nuna cewa da tarkacen da ke kasuwa ma ɓera zai koyi wuri a lungun hoto, kin gama. Wata huɗu ya ishe ki, Malama."

Na ce to. Da ya ce in koya wa ɓeran karatun allo ma to zan ce.

Ƙwallo irin tasu ba ta samuwa, sai na yanka taya daga farin soson nan da ake naɗo firji a ciki, mai gyaran keke ya soka mini ƙarfe a tsakiya. Linzamin kwamfuta na kifa a jikin tayar don ya riƙa gaya wa kwamfuta yawan juyin. Na ɗinka wa ɓerayen 'yar riga a keken ɗinkina, mai igiya a baya da za ta riƙe su kada su faɗo. Dakta ya ba ni aron tsohuwar kwamfuta da lungun a cikinta, bango mai ratsi-ratsi, can gaba kuma ya koma ɗigo-ɗigo. Ya ba ni fararen ɓeraye goma sha biyu a kwali, biyu suka mutu a mota kafin mu wuce Wudil. A makarantarmu babu wuta, kuma shugabar ta ce ba ta ga abin da zai haɗa 'yan mata da ɓeraye ba. Sai na kai su gida, ɗakin da ke jikin zaure, inda a da ake ajiye alluna da buhunan gero. Tagarsa tana kallon rumfar da ake sallah a ƙofar gida.

Duk aikin a kan abu ɗaya ya rataya, ƙishirwa. Ɓera ba ya gudu don a yaba masa. Ana cire masa ruwa daga keji, sai ya hau taya ya kai wurin ɗigo-ɗigon nan, kwamfuta ta yi ƙara, ni kuma in matsa sirinji, ɗigon ruwa ya fito ta 'yar tiyo a bakinsa. Da yamma in auna nauyinsa in cika masa abin da ya rage na rabonsa na yini, wanda bai kai cikin cokalin shayi ba. Ba ya mutuwa, ba ya ciwo, yini kawai yake yi da ƙishi. In ya koya, za a ga yana rage gudu yana lasar tiyo tun kafin ruwan ya zo, to a nan ne za a ce ya san wurin.

Yanzu dole in faɗi yadda muke da mahaifina, don in ba haka ba sauran labarin zai zama kamar na mahaukata. Malam ne, ɗan malam, yana da makarantar allo a zaure, kuma shi yake jan sallah a rumfar ƙofar gida tun kafin a haife ni. Ni ce 'yar fari. Mutanen zamaninsa kuwa ba su ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da magana sai ya gaya wa Goggo, ƙanwarsa wadda ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, ya ce, "A gaya wa waccan kaza." Ni ma in ina da buƙata ta wajen Goggo take bi. Ba ƙiyayya ba ce, kowa a gidan ya san ni ce tasa, shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na yi boko lokacin da 'yan'uwansa suka taso. Amma fa a shekara talatin da 'yan kai, maganar da muka yi kai tsaye ba ta cika tafin hannu ba.

Saboda haka da na kawo ɓerayen, abin da na ce wa Goggo ta gaya masa shi ne na karatu ne. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a, kowa ya zama mai tambaya, zauren ba ya rabuwa da mutane: wannan ya halatta, wancan bai halatta ba, har mai sayar da kaset da mai ɗaukar hoto sai sun zo an wanke musu sana'a. Wani maƙwabci ya tambaye shi hukuncin kiwon ɓera a gidan malami. Goggo ta ce Malam cewa ya yi, wanda aka killace baƙo ne, ba ɓarawon rumbu ba. Na ji daɗin amsar, ban tsaya na yi tunanin abin da ke cikinta ba.

Na fara aiki. Kullum in na taso daga makaranta, kafin in cire hijabi sai in ja janareta, in saka wa ɓera riga in ɗora shi a taya. Sai ya zauna. Ya wanke fuska, ya sosa kunne, ya kalli lungun nan kamar yadda ɗalibaina suke kallona a darasin ƙarshe. In na ɗiga ruwan don in kwaɗaita masa sai ya shinshina ya kau da kai. Na farko haka, na goma haka. Na ce baƙunta ce, na ba su mako. Na ce hasken allo ne, na rage. Na ce ƙarar janareta ce, na ja shi can bayan gida da doguwar waya. Na sake ɗinkin rigar sau uku. Na gwada madara, na gwada ruwan zuma, na gwada ruwan dabino, duk a banza. Bazara ta shigo, duwatsun garin suna mayar da zafin da suka sha, ni gumi yana bin bayana, ɓerayen da aka ce suna fama da ƙishi kuwa sai ƙiba suke yi, gashinsu yana sheƙi. Na zargi sikelin, na sayo wani, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa.

Dakta ya duba takardun nauyin ya ce, "Malama, ɓerayen nan suna shan ruwa."

Na rantse masa ba sa sha. Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa mace mai yawan uzuri, ya ce saura mako bakwai. A mota na yi kuka kaɗan, ba mai sauti ba, matar da ke kusa da ni ta ɗauka mutuwa aka yi mini, ta yi ta ba ni haƙuri har Dutse.

Na tambayi yarana, suka ce ko kusa da ɗakin ba sa zuwa. Goggo kuwa in ta ga ɓera sai ta hau turmi, ba ta cikin lissafi. Ɗakin ba shi da kwaɗo, don a gidan Malam ba a kulle ƙofar cikin gida. Cewa yake yi wanda ya sa kwaɗo a cikin gida ya kira 'yan gidan ɓarayi ke nan.

Ranar wata Talata ciwon kai ya koro ni daga makaranta da hantsi. Masu karatu sun tashi, zauren shiru. Na ga ƙofar ɗakin a buɗe kaɗan, na leƙa. Malam ne a tsugune gaban keji, ya naɗe hannun riga, butarsa a gefe. A cikin kowane keji akwai murfin gwangwani cike da ruwa, ɓerayen sun yi dafifi suna sha. Yana jira. Da suka ƙoshi sai ya ciro murafen ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da ragowar, ya goge su da gefen rawaninsa, ya zuba a aljihu. Har inda ruwa ya ɗiga a ƙasa sai da ya share da ƙafa ya mayar da ƙasa a kai.

Na ja da baya a hankali na shige cikin gida. Mako tara ina tufka ana warwarewa, kuma mai warwarar shi ne mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na zauna a bakin gado. Fushi na ji, ba zan ɓoye ba, irin fushin da ba shi da ƙofar fita.

Da na iya magana na gaya wa Goggo. Ta tafi ta daɗe, ta dawo tana ɓoye dariya.

"Wai cewa ya yi, tun ranar farko ya ga kin manta ba ki sa musu ruwa ba. Washegari ma kika manta. Ya ce waccan ta gaji ne, ga aiki ga yara ga hanyar Kano, kada a faɗa mata ta ji kunya. Shi ne yake ba su, ya kwashe kayansa don kada ki gane an rufa miki asiri."

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da na buɗe baki tun farko na ce ga yadda aikin yake, da ba a zo nan ba. Amma yaya za a yi in aika wa Malam cewa zan hana dabba ruwa da gangan? Ina jin tun a lokacin na san abin da zai ce, shi ya sa na taƙaita na ce na karatu ne.

Wannan karon na yi wa Goggo bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Na ce ba mantuwa ba ce, ƙa'ida ce. Na ce ana ba su da yamma, ana auna su, babu wanda zai mutu. Na ce ilimin da ake nema zai iya taimakon tsofaffin da ke fita su kasa gane hanyar gida. Na ce ta gaya masa saura mako bakwai, in na rasa wannan shekara bakwai sun tafi. Goggo ta ce ita kam rabin maganar ta zube mata a hanya, amma za ta kai abin da ya rage.

Amsar da ta kawo gajeriya ce. "Ya ce ya ji, kuma bai ce karatunki ƙarya ba ne. Amma ya ce dabbar da ke ɗaure a gidan mutum, cinta da shanta a wuyan mai gidan suke, shi za a tambaya. Ya ce a nemi wata dabara."

Babu wata dabara, duk na gwada su. Babu kuma inda zan kai su, in ma akwai, sabon wuri sabuwar baƙunta ce, kwanakin ba za su isa ba. Kwana biyu ina juya abin. Rana ta uku na tsaya a kasuwa na sayi kwaɗo, ƙarami, mai makulli biyu. Washegari na sa shi da safe kafin in tafi makaranta. Goggo ta gani ta kama baki ta ce, "Ke 'yar nan, a gidan nan?" Na yi tsammanin in na dawo zan tarar an ɓalle shi, ko an aiko a ce in kwashe tarkacena. Na tarar da shi yadda na bar shi, kuma ba a aiko da komai ba.

A kwana na uku ɓerayen suka fara gudu. A na biyar suna hawa taya tun kafin in gama ɗaura igiya. Akwai wata mace a cikinsu mai yagaggen kunne, ita ta fara. Ta taho a guje, ratsi-ratsin bango yana ta wucewa, sai da ɗigo-ɗigo ya kusa sai ta rage gudu, ta tsaya cak, ta fara lasar tiyo alhali ban matsa komai ba. Na ɗauka dace ne. Ta sake, ta kuma sakewa. Babu wari, babu bango, babu lungun ma kansa, amma ta san inda take. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni mamaki kamar wannan ba. Shekara da shekaru ina karanta wa yara abin da wasu suka gani, ranar nan ni na gani da idona, a ɗakin gero, a kan soson firji. Na yi ta dariya ni kaɗai, na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na lissafa, in na samu kwana ashirin cif a haka, ɓera goma, kundi ya samu.

Da yammar kwana na shida Goggo ta zo ta tsaya a kaina ina wanke sirinji. Ta ce, "Kin lura Malam azumi yake yi?"

Na ce ai yau Alhamis.

"Jiya ma Alhamis ce? Shekaranjiya fa? Tun ranar da kika sa ƙarfen nan bai ƙara sa komai a baki da rana ba."

Na ce ta tambaye shi dalili. Ta ce ta tambaya, ya ce nafila ce, ko an hana? Ta matsa masa, ta ce ya dubi shekarunsa ya dubi zafin nan. Sai ya ce, "Ni na zaɓa, kuma ina sa ran lada. Su waye ya tambaye su?" Bai ce a gaya mini ba. Goggo ta nanata wannan, cewa bai ce a gaya mini ba, ita ce ta ga ba za ta iya riƙewa ba.

Har yau ban san ko matsa mini yake yi ba, ko kuwa abin da ya rage masa ke nan tunda ba zai ɓalle ƙofar 'yarsa ba, ba zai kuma iya shan ruwa da bango ɗaya tsakaninsa da masu ƙishi ba. Na fi zaton na biyun. Da na farkon ne da ya fi mini sauƙi, da sai in yi fushi in huta.

Na ce wa kaina ya saba, mutumin da yake azumin watan Ramalana a bazara yana karantarwa. Na ce kwana goma sha huɗu ne kawai suka rage. Na ce zai gaji ya bari. Na riƙa dama masa kunun tsamiya da kaina, in aika da kankana da dabino lokacin shan ruwa, kwanon ya dawo an ci, babu saƙo. Na matso da lokacin ba wa ɓerayen ragowar ruwansu ya zo daidai da kiran magariba, ban san wa nake yaudara da hakan ba. Da safe muryarsa a zaure tana raguwa, yakan ja aya ya tsaya ya haɗiyi yawun da babu. Ina ji in wuce da jakata. Barci ya ƙaurace mini, a aji sai in rubuta abu a allo in manta abin da nake nufi. Takardun kuwa kullum sai kyau suke ƙarawa, ɓera na bakwai ya koya, na takwas ya koya.

Kwana na goma sha ɗaya, da la'asar, ina cikin ɗakin, janareta yana ta yi, aka tayar da iƙama. Ta taga ina hango bayan sahu. Malam ya tako zuwa gaba kamar kullum, ya tsaya a kan buzunsa, ya ɗaga hannu zai yi kabbara. Sai ya sauke. Ya ɗan tsaya yana dafe da ginshiƙin rumfa. Sannan ya juyo ya kamo hannun wani tsohon ɗalibinsa, magidanci mai sayar da hatsi, ya jawo shi gaba. Mutumin ya ƙi, ya ja baya, Malam ya sake tura shi. Ga wanda bai sani ba, a wajenmu mai zaune ba ya jan masu tsayuwa. Malam ya ɗauki buzunsa ya zagaya ƙarshen sahu, ya zauna, ya yi kabbara a zaune a bayan yaron da shi ya koya wa Fatiha.

Makullin yana ɗaure a gefen zanena. Butar ruwa tana nan a bakin ƙofa. Abin da za a yi bai wuce in cika murafe in tura Goggo ta ce an ba su ba. Na tsaya a tagar har suka yi ruku'u. Sai na juya na ciro ɓera na tara, na saka masa riga, na ɗora shi a taya. Ya yi gudu mai kyau ranar.

Na cika kwana ashirin ɗina. Ranar ƙarshe da hantsi na cire kwaɗon, na cika wa kowane keji ruwa har yana zuba, na ce wa Goggo ta kai masa kofi ta ce an gama. Ta dawo da kofin a cike. Ya ce ya riga ya ɗaura niyyar yau, zai ƙarasa, kuma a gaya wa waccan Allah ya sa albarka a karatun.

Na rubuta kundin cikin makonnin da suka rage, na kai Kano ana saura kwana biyu. Dakta ya yi ta buga tebur don murna, ya ce ya san zan iya. A wajen kare kundin wani dattijon farfesa ya tambaye ni me ya sa makonni tara na farko babu sakamako, na ce matsalar kayan aiki ce. Aka ba ni digirina. Ƙarin girma ya zo daga baya, a makare kamar komai, na zauna a kujerar da na daɗe ina hange, na ga ita ma kujera ce kawai.

Malam ya ƙara shekara uku a duniya. Ya ci gaba da karantarwa, ya ci gaba da amsa gaisuwata yana kallon wani wuri, bai taɓa tayar da maganar ba, ko ta bakin Goggo. Amma bai ƙara jan sallah ba, a ƙarshen sahu yake zama. Mun kai shi asibiti, likita ya duba shi ya ce gwiwoyi ne da shekaru, da azumi da ba azumi lokacin ya riga ya zo. Goggo ta karɓi wannan magana ta riƙe, takan maimaita mini ita ko ban tambaya ba. Ni ma ban ƙaryata likita ba, ya fi ni sanin jiki. Sai dai shi ba ya tsaye a tagar nan. Ni na ga ranar da mahaifina ya fara zama, kuma na san abin da na yi bayan na gani.